Tseren Attahir a Hanyar Damagaram

Shekara goma sha biyu Attahir yana jan mota daga Tanut zuwa Damagaram, amma duk ranar da aka yabi Mailafiya a tasha, abinci ba ya yi masa daɗi. Mailafiya bai fi shekara uku a layin ba, motarsa ma tsohuwa ce. Sai dai ba ya gudu, ba ya zagin fasinja, har mata kan ƙi shiga motar da ke kan layi su zauna jiransa.

Cikin watan Agusta, Madam Sesil ta zo tasha. Ungozoma ce, 'yar Katolika, ta daɗe a garin har ta iya Hausa kamar 'yar Damargu. Ita da mutum shida na cocinsu za su ziyarar ibada a kogon Maryamu da ke Dasa, ƙasar Benin. Babbar motar masu ziyara za ta tashi daga Damagaram da azahar, ranar Laraba.

Attahir ya tare ta da fara'a. "Madam, ga motarku. Ni zan kai ku."

"Na gode, Malam Attahir," ta ce. "Mun riga mun kama kujeru wurin Mailafiya. Da tsofaffi a cikinmu, muna son tafiyar sannu."

'Yan tasha suka kwashe da dariya. Attahir ma ya yi yaƙe. Wato shi ba a amince da tuƙinsa ba? Shi da ya san kowane rami na hanyar nan tun Mailafiya yana kiwon awaki a Gangara?

Ranar Laraba da hantsi Mailafiya ya tashi da masu ziyara, suna ta waƙoƙinsu. Attahir bai jira motarsa ta cika ba. Ya bi bayansu, ya ƙudura sai ya wuce su, su gani da idonsu, su tarar da shi a Damagaram yana shan shayi.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, bakin kwalta duk ya zaizaye. Wata tsohuwa cikin fasinjojinsa mai suna Rahamatu, da za ta ganin jikarta, ta dafa kujerarsa.

"Ɗan nan, rage wuta. Ba a kore mu ba."

"Ki yi shiru, Inna, na san aikina."

Kafin Bakin Birji ya hango motar Mailafiya. Ya danna oda, ya fita gefe, ya juya kai don ya ga fuskar Madam. A daidai nan taya ta faɗa rami ta fashe. Motar ta yi katantanwa sau biyu, ta kife cikin gonar hatsi.

Da ya farfaɗo, fuskar da ya fara gani ta Madam Sesil ce. Ta yaga zanen da ta ɗinka don ziyarar tana ɗaure masa hannu. Mailafiya kuwa ya zubar da kayan fasinjojinsa a bakin hanya, yana jidar masu rauni zuwa motarsa.

"Madam, motar Dasa za ta tashi ta bar ku," in ji Mailafiya.

"Ta tafi," ta ce. "Kama min ƙafarsa."

Motar ta tafi ta bar su. Shekara biyar Madam tana shirin wannan tafiya, ta ƙare a barandar asibiti.

Inna Rahamatu ba ta kai Damagaram da rai ba. Attahir kuma, likitoci suka yanke masa hannun dama daga gwiwa. Jandarmomi suka karɓe takardun tuƙinsa, motar ta zama kayan 'yan gwangwan.

Yanzu yakan zauna a kan benci a bakin tasha. Mailafiya ba ya wucewa sai ya tsaya ya gaishe shi, kuma wannan gaisuwar ta fi komai yi masa nauyi. Duk lokacin da jikar Inna Rahamatu ta sauka daga mota, sai ya sunkuyar da kai har ta wuce.

Jama'a, hassada ba ta rage wa wanda ake yi wa ita komai. Mai ita take ci, kuma ba ta tsayawa kansa, har da bayin Allah da ba su ji ba, ba su gani ba. In ka ga an yabi ɗan'uwanka, ka tambayi abin da yake yi ka koya.