Tandar mai waina da kwamfutar Hansatu

Hansatu 'yar ƙanena, kin ce mai shago ya jera miki kwamfutocin cinya uku, wata ƙwaƙwalwarta giga huɗu, wata takwas, wata talatin da biyu, ke kuwa tambayoyin jarrabawar ɗalibanki kawai kike son bugawa. Ni ban san cikin na'urar ba, amma da kika ce ƙwaƙwalwar ita ce wurin da take riƙe ayyukan da take yi a lokaci guda, sai na tuna wata mai waina da na sani a yawon karatuna. A tashar Gumel ne, ko ta Maigatari, garuruwan sun fara cakuɗe mini yanzu. Ɗanɗanon wainar dai ban manta ba.

Matar nan tana da tanda mai gurbi huɗu da ta gada wajen uwarta. Ƙullunta mai kyau ne, yana kwana ya tashi, ga shi ya cika babbar roba. Amma da safe in motar farko ta fara lodi, mutum goma za su tsaya a kanta, ita kuwa huɗu-huɗu take fitarwa. Wani direba ya taɓa ce mata, "Iya, ki ajiye mini tawa, in na dawo daga Kano wataƙila ta nuna." Aka yi dariya, amma masu sayen suka fara zamewa wajen mai ƙosai, alhali da cinikin safiyar nan take ci da gidanta. Haushi ya kai ta wajen maginiyar tukwane, ta ce a gina mata tandar da ba a taɓa ganin irinta ba, mai gurbi talatin da wani abu. Maginiya ta tambaye ta faɗin murhunta, ta ce ba wannan ya kawo ta ba. Da tanda ta iso, mutum biyu ne suka sauke ta daga amalanke. Sabuwar tandar ƙasa kuwa sai ta sha mai ta ƙoshi kafin ta daina kama waina, wannan ta shanye man da za a yi tuyar mako da shi. Aka ɗora ta a kan duwatsu uku, wuta ta tsaya a tsakiya, gurabun gefe suka yi sanyi kamar randa. Hannu biyu Allah ya ba ta, kafin ta zuba na ƙarshe na farko ya ƙone. Ran nan ko direban bai yi tsokana ba, tausayi ya hana shi.

Ta koma wajen maginiya da sanyin jiki. Wannan karon ita da kanta ta faɗi faɗin murhu da yawan masu tsayawa a kanta, aka gina mata mai gurbi takwas. Layi ya tafi, mai ƙosai ta koma hira da ƙudaje. Babbar tandar ma ba ta zama asara ba: masu tuyar biki suke aronta, su haƙa dogon murhu, mata uku su zauna a kanta.

To ke ma ƙirga abin da kike buɗewa lokaci guda. In takardar jarrabawa ce, da wasiƙa, da wa'azin da kike saurare, huɗu za ta bar ki kina jira kamar direban nan, takwas za ta ishe ki. Babbar ki bar wa masu haɗa fim, su ne masu tuyar biki. Akwai wani abu kuma da na so in faɗa miki, ya tafi, in ya dawo zan aiko. Hausawa dai sun gama magana da suka ce, daidai ruwa, daidai tsaki.