Ruwan Inji

Injin daɓe hanya ya tsaya cak a bakin wata gonar gero a Dundaye, domin wani tsoho ya sha gabansa. Matuƙin ya gane shi tun daga nesa. Mahaifinsa ne, gonar kuma tasu ce.

"Ɗana, geron ga ya kusa nuna," in ji tsohon. "Ka roƙa muna Bature shi bari mu girbe, sannan hanya ta wuce."

Matuƙin ya waiwayi Baturen da ke bisa doki. Duk Sakkwato shi kaɗai ne baƙar fata da aka koya wa tuƙa wannan ƙarfe, ya kuma san makomar mai gardama: bulala, sannan a mayar da shi cikin masu fasa dutse. Bature ya ɗaga sanda ya nuna gaba. Dogarai suka janye tsohon, shi kuwa ya saki injin. Bai dubi ƙasa ba, amma yana jin kara na karyewa a ƙarƙashinsa har ƙarshen gonar.

Washegari hakimi ya turo mutanen ƙauyen aikin tilas, su ɗebo wa injin ruwa, domin da tururi yake tafiya. Tsohon na cikinsu, ɗauke da tulu. Ya juye ruwan, ya durƙusa gaban ɗansa, kansa a sunkuye.

"Baba, don Allah tashi."

"Ranka shi daɗe," in ji tsohon, "ya isa, ko in ƙaro?"