Kukan Jirgin Kaka

Ina 'yar shekara tara kakana ya zo birnin Guangzhou duba mu. A wani shagon kayan wasa kusa da ginin kasuwar Tianxiu ya hango ɗan kan jirgin ƙasa, irin tsohon nan na Amurka da ya tuƙa yana saurayi.

Ya ɗauka. "Amarya, ji yadda muke yi in za mu ratsa titi." Ya ja igiya a iska, ya saki kukan jirgi da bakinsa, dogo biyu, gajere, sannan dogo.

Masu shagon suka fashe da dariya. Na sulale bayan kwalaye.

"Amarya, gaya musu direba ne ni!"

Ni ce mai jin yarensu, amma ban fito ba. Har yau in jirgi ya yi kuka sai na sunkuyar da kai.