Madacin Aina'u

Aina'u ce ke tuƙi, mahaifinta Malam Idi yana zaune a gefenta. Suna wuce masana'antun Challawa ya ce, "Rage gudu, akwai rami bayan kwalbatin nan." Ta kauce wa ramin, ta ci gaba da ba shi labari.

Shekara da shekaru tana aikin inganta irin madaci. Ta bi dazuzzuka tana zaɓen bishiyoyi miƙaƙƙu masu katako mai ƙwari, tana haɗa irin wannan da na wancan. Duk wanda ya fito a karkace, ko tsutsa ta ci kansa, sai ta tumɓuke. Waɗanda suka yi fice ta dasa su a wani fili da ma'aikatarsu ta samu a bayan masana'antu. Kafintocin Sharada har sun fara tambayar yaushe za su ga katakon.

Malam Idi bai taɓa kula aikin ba. Likita ya so ta zama, don haka ya yi ta wahalar tuƙin manyan motoci, sai ta zaɓi karatun itatuwa. Da ta ɗauko zancen gonar sai ya ƙara muryar rediyo. Ko inda gonar take bai taɓa tambaya ba. Sai jiya, da ta shigo gidansa a Zawaciki idanunta a kumbure, ta ce gonar ta lalace, ya ce zai raka ta.

Tun daga nesa wari ya tarye su. Bishiyoyin na tsaye reras, sun fi mutum tsayi, amma ganyensu ya ƙone ya zube. Ƙasa ta yi wani ɓawo mai launin toka.

"Ruwan jimar fata ne, Baba," in ji ta. "Wani ya zo da tanka ya juye a bayan shingen waya, gangare ya kai shi saiwoyinsu. Ko ɗaya bai yi 'ya'ya ba tukuna. Irin ya tafi ke nan."

Malam Idi ya dafa wani madaci, ya janye hannunsa da sauri.

Maigadin gonar, Joshuwa, ya fito daga bukka da jakar kayansa a kafaɗa, ya gaishe su. Ofis ya sallame shi, wai da saninsa aka yi.

"Baba, coci kawai nake zuwa ranar Lahadi, a lokacin aka yi," ya ce. "Yarana huɗu, ina zan nufa da su?"

Malam Idi ya kasa haɗa ido da shi. Ya ciro hularsa, ya share gumi, ya mayar.

Aina'u ta durƙusa a gabansa.

"Baba, na san ba ku taɓa son aikin nan ba. Amma babu direban yankin nan da ba ku sani ba. Don Allah ku bincika mini, ko don a wanke wannan bawan Allah."

Ya daɗe yana kallon kanta a sunkuye. Da ƙyar ya ce, "To."

Babu wanda zai je ya tambaya. Ranar Lahadin da kwatar masana'antar jimar da yake wa tuƙi ta toshe, shi ne ya juyo da tankarsa nan ya buɗe mata famfo, ya zauna a inuwar waɗannan bishiyoyi yana cin ɗanwake, yana sa wa wanda ya dasa su albarka.