Ledar Da Ba A Ɓare Ba

Shekara goma sha ɗaya Injiniya yana gyaran kwamfuta a ɗan shagonsa na bakin titi, kuma a danginsu ko rediyo ce ta ƙi magana shi ake kira. Sunan ma 'yan uwa ne suka laƙaba masa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Kwatsam sai ƙaninsa, Auta, ya sayo kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa abarsa a ɗaki yana kallon bidiyo a waya. Ko shawara bai nema ba. Akwatin mai gefen gilashi ne, fankokin ciki suna juyawa da fitilu ja da shuɗi. Innarsu, wadda ba ta san gaban kwamfuta da bayanta ba, duk baƙon da ya shigo sai ta ja shi ya je ya gani.

"Da hannunsa ya haɗa ta," take cewa. "Ashe gidan nan injiniya biyu gare mu."

Injiniya yakan yi yaƙe, amma maganar tana ci masa rai. Hassada ce tsagwaronta, ko da yake shi ya fi so ya kira ta rashin kunyar yaran zamani.

Ana nan sai wani kamfanin talla ya ba Auta gwaji: ya haɗa musu bidiyo ya miƙa ranar Alhamis da ƙarfe biyu, in ya yi kyau su ɗauke shi. Shekararsa uku yana yawon neman aiki. Sai dai da zarar ya ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi, fankoki su hau kuka kamar injin niƙa, akwati ya ɗau zafi, kafin minti goma ta mutu ɗif.

Ranar Talata ya rungumo ta sai shagon yayansa.

"Yaya, ka taimake ni. Zafi take yi tana kashe kanta. Na hure ƙura, na buɗe gefen, har fankar ɗaki na juya mata, duk a banza."

"Yau an tuna da mu ke nan," in ji Injiniya. "Ina malaman naka na waya? Ajiye ta, ka dawo da yamma."

Da Auta ya tafi, ya duba fankoki, duk lafiya lau. Sai ya kwance babbar fankar da ke zaune a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya juya ƙarfen da ke shanye zafi. Nan ya gan ta: siririyar ledar da masu ƙira ke mannawa a gindin ƙarfen, wadda dole a ɓare kafin a ɗora shi. Auta bai ɓare ba, shi ya sa zafin ya rasa hanyar fita. Gyaran bai wuce aikin farce ɗaya ba.

Ya sa farcen, har ya ɗaga gefen ledar. Sai ya hango Auta ya samu aiki, dangi sun cika gida ana ta yabo, shi kuma yana gefe kamar ɗan rakiya. Zuciyarsa ta yi baƙi. Ya mayar da gefen ya danne da yatsa, ya shafa sabon man da ke rage zafi a kan furosesan don a ga ya taɓa wani abu, ya ɗaure. A ransa ya ce bari Auta ya ɗan ji jiki, ya san gyara ba kallon waya ba ne.

Da yamma ya ce wa Auta, "Na sake mata mai. In ta ci gaba, to furosesan ne ya lalace. Haka abin yake in mutum ya yi gaban kansa."

Ranar Alhamis bidiyon yana bukatar minti arba'in kafin ya gama haɗuwa, kwamfutar kuwa ba ta haura goma. Auta ya yi ta kiran yayansa, shi kuma yana kallon wayar tana ruri har ta gaji. Ƙarfe biyu ta wuce, kamfanin ya ɗauki wani.

Washegari Auta ya kai ta wurin Dogo, mai sayar da kayan kwamfuta a layin shagon Injiniya, don ya gwada masa furosesan. Dogo ya kwance fankar a gaban masu shaguna, ya ɓare ledar ya ɗaga ta sama.

"Furosesanka lafiyarsa ƙalau. Amma wa ya shafa man nan? Sabo ne fil. Ga ma gefen ledar an ɗaga an mayar."

Aka kunna kwamfutar, ta yi awa guda tana aiki ko ɗumi ba ta yi ba.

Auta ya taka har shagon yayansa, mutane na biye da shi, ya ajiye ledar a kan tebur.

"Yaya, tambaya ɗaya zan yi maka. Ba ka gan ta ba ne, ko ka gan ta?"

Injiniya ya dubi ledar. In ya ce bai gani ba, ya zubar da gwanintarsa a gaban abokan sana'a. In ya ce ya gani, ya rasa ƙani. Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

"Wallahi da ka ce ba ka gani ba, da na yarda," in ji Auta, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya juya ya fita.

Tun daga ranar masu kawo gyara suke wuce ƙofar Injiniya su nufi wajen Dogo, don ba mai miƙa kayansa ga wanda ya cuci ɗan uwansa na jini. Auta kuwa yana gaishe shi, amma irin gaisuwar da ake yi wa baƙo a hanya.

Jama'a, ci gaban ɗan uwanka ba ya rage maka komai. Wanda ya ɓoye saninsa don hassada, yakan wayi gari ya rasa sana'ar, ya rasa zumuncin.