Yankan Bahago

Lantana, share hawayenki ki zauna, ni ma abin yana ci mini rai. Kin ce shekara talatin da biyar kina horar da malamai a makarantar nan, yau an mai da ita jami'a, kin je bikin an tsare ki a ƙofa ana tambayarki katin gayyata. To ni fa, da na koyar da ke? Ranar da aka buɗe ta ina tsaye. Aji uku ne, su ma aron firamare, ɗalibai arba'in da biyu, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a jikin darbejiya. Yanzu bene ne mai hawa huɗu a gurbin darbejiyar. Wallahi har gobe in na wuce wurin sai kunnena ya nemi ƙarar ƙarfen nan. Amma bari in ba ki wani misali.

An yi wani mai lambu a bakin fadama, sana'arsa rainon dashen mangwaro. Yakan binne ƙwallo a fasassun tukwane, ya yi ta ban ruwa da ƙwarya. In tsiro ya kai kaurin yatsa sai ya yi masa aure: ya yanko reshe daga itace mai zaƙin 'ya'ya, ya tsaga tsiron, ya cusa, ya naɗe da zaren kaba. To shi bahago ne, don haka yankansa kullum a karkace yake zuwa hagu. Masu zuwa koyo kuwa, kin san halin mai koyo, abin da ido ya gani shi hannu ke yi. Da hannun dama suke riƙe wuƙa, amma sai su murɗe hannu su yi yankan malaminsu. Dashe kuwa da zarar ya kama sai a zo da jakuna a kwashe, a yi ƙauyuka da shi. Bai taɓa barin ko ɗaya ya girma a lambun ba, don wurin raino ba ya ɗaukar babban itace. Haka ya tsufa bai sha inuwar abin da ya raina ba, bai san ɗanɗanon 'ya'yansa ba.

Sannu a hankali lambu ya bunƙasa. Hukuma ta karɓa, aka ja katanga, aka kafa injin ban ruwa, aka kawo ma'aikata masu takardu. Shi kuma ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ya koma gida. Wata rana kewa ta dame shi, ya dogara sanda ya zo. Mai gadi ya tare shi da fara'a ya ce, "Baba, dashe za a saya?" Ya leƙa ta ƙofa, layi-layi na dashe a baƙaƙen ledoji har iya ganinsa, ko tukunya ɗaya tasa babu. Ya juya ya tafi. Ba kirari yake nema ba, bawan Allah. So yake kawai ya sani, wahalar nan tasa ta tsira a wani wuri ne, ko ta bi ruwa.

Ana nan, ta'aziyya ta kai shi wani gari mai nisa. A hanyar dawowa mota ta lalace a wani ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba, rana ta take, ya lallaɓa ƙarƙashin wani ƙaton mangwaro ya zauna. A gefe wata mata tana durƙushe tana yi wa dashe aure. Ya ga wuƙa a damanta, amma ta murɗe hannu tana yanka ta hagu. Ya ce, "'Yar nan, me ya sa kike wahalar da hannunki haka?" Ta ce, "Haka babana ya koya mini, shi ma haka aka koya masa. An ce in ba ta hagu aka yanka ba, ba ya kamawa." Tsoho ya yi dariya har hawaye suka zubo, don ya san ta ko'ina aka yanka kamawa yake yi. Ya shafa gindin itacen da ya jingina da shi, sai ga tsohon tabon aure ya kumbura, a karkace zuwa hagu. Matar ta ga baƙo yana kuka, ta zaci yunwa ce, ta tsinko nunanne ta wanke ta miƙa masa. Ranar ya fara shan mangwaronsa.

To Lantana, makarantar horon malamai wurin raino ce, 'ya'yanta ba sa nuna a cikin katanga. Tukwanenmu sun tafi, ba kuma za su dawo ba, wannan kewar da ita za mu kwanta dama. Amma ke ba kya fara rubutu a allo sai kin karya alli biyu. A wurina kika gani, ni kuwa rashi ne ya sa ni, don a zamaninmu alli ba ya isa. Je ki kowace firamare a ƙauyukan nan, za ki tarar da malamin da bai taɓa jin sunanki ba, ga kwalin alli cike a gabansa, ya ɗauki ɗaya ya karya biyu, yara sittin suna kallon hannunsa. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.