Kifin Maje Ya Huce

Sau biyu Baturiyar mai gidan abincin tana zuwa ta tambaya ko kifin ne bai yi daɗi ba.

Hajjo ce ta kama musu teburi a wannan ɗan gidan cin kifi na bakin teku a garin Southend, kusa da London, don mahaifinta, Alhaji Jalo, ya ga Maje, saurayin da take son aura. Tun da suka baro gida a unguwar Barking Alhaji bai ce uffan ba. Ga shi yanzu Maje ya sunkuyar da kai, ko cokali bai taɓa ba.

"Ka ci mana," ta raɗa masa. "Za ka ɓata komai."

Bai motsa ba. Alhaji ya ƙare masa kallo, ya ture farantinsa, ya gyara hula, ya fice.

Hajjo ta bi shi da gudu, iskar teku na fizgar mayafinta.

"Baba, don Allah me ya yi maka?"

"Ke haihuwar London, ba ki san komai ba," in ji shi. "Koma ki ce masa ya ci abincinsa. Yaron kirki ne. Ina zai iya kai loma a gaban surukinsa?"